Ƙanjamau: Abin da Kunya ta Hana a Gaya Mana

Ranar da Malaminmu na ilimin halittu ya shigo aji ya rubuta "ƙanjamau" a allo, sai aji ya yi tsit, can kuma 'yan baya suka fara ƙus-ƙus. Malam ya ce wanda ya san yadda ake ɗaukar wannan ciwo ya ɗaga hannu. Duk yawanmu hannu uku kaɗai suka tashi. Na farko ya ce sauro ke kawo shi. Na biyu ya ce daga cin abinci a kwano ɗaya ne. Na uku kuwa ya ce ai ciwon mutanen Kudu ne, ba ya zuwa Baure. Na ukun nan ni ne, kuma kunyar da na sha ran nan ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu su ji abin da na koya daga baya.

Da fari dai, ƙwayar cutar dabam, ciwon dabam. Ƙwayar ita ce Turawa ke kira HIV, masana harshenmu kuma suka laƙaba mata "karya-garkuwa". A cikin jinin kowane mutum akwai waɗansu fararen ƙwayoyi da Allah Ya halitta don tsaron jiki, kamar dogaran Sarkin Daura a ƙofar fada. To, ita wannan ƙwaya dogaran take bi ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya kan yi shekara takwas ko goma yana noma, yana cin kasuwa, ba abin da ke damunsa, alhali kuwa a ciki ana ta ɓarna. Sa'ad da dogaran suka yi ƙaranci, sai tarin fuka da gudawa da ƙuraje su shigo yadda suka ga dama. Wannan mataki na ƙarshe shi ne ƙanjamau, wanda maƙwabtanmu na Magarya da Damagaram ke kira sida. Saboda haka duban ido ba ya gane mai ɗauke da ita, sai gwajin jini.

Likitocin Amurka ne suka fara ba da labarin ciwon a 1981, aka gano ƙwayar a birnin Paris na Faransa a 1983. A Nijeriya an ba da sanarwar samunsa a 1986, kuma cikin waɗanda aka fara samu da shi har da wata yarinya 'yar shekara 13 a Legas, watau ƙanwar bayanmu ce ma. Duk da haka mutane da yawa suka ɗauke shi tatsuniyar Turawa, har 1997, lokacin da mawaƙin nan Fela ya mutu, yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya taɓa zama ministan lafiya, ya fito fili ya ce ƙanjamau ne ya kashe shi.

Maganar da na yi a aji ba ƙarya ce tsantsa ba, shi ya sa take da haɗari. Babban binciken da aka yi a ƙasa duka a 2018, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kimanin mutum miliyan 1.9 ke ɗauke da ƙwayar a Nijeriya, wajen mutum 14 ke nan a cikin kowane manya 1,000. Jihar Katsina na cikin mafi ƙaranci, kimanin 3 a cikin 1,000, jihohi irin su Akwa Ibom da Binuwai kuwa wajen 50 ne. Alhamdu lillahi. Amma fa ku tuna mu mutanen bakin iyaka ne. Motoci na ratsa Babban Mutum dare da rana. Da an kawar da amfanin gona, samarin ƙauyukanmu sai su nausa ci-rani Kano da Abuja da Legas da Fatakwal, waɗansu ko gemu bai fito musu ba. Yaron da bai taɓa jin bayanin nan a gida ba, a can wa zai gaya masa? Abokan ɗaki ne, waɗanda su ma iliminsu bai wuce nawa na ran nan ba.

Hanyoyin ɗauka uku ne. Babbar ita ce saduwa tsakanin namiji da mace, idan ɗaya na ɗauke da ƙwayar. Na sani wani zai karanta wannan layi ya ce yaron nan ba shi da ta ido, to, a gafarce ni, ba yadda za a yi a kauce wa faɗarsa. Ta biyu jini, watau ƙarin jinin da ba a auna ba, ko allura ɗaya da aka soka wa mutum biyu, ko reza da aska da suka yanki wani aka yanki wani ba a tsabtace ba. Ta uku daga uwa zuwa ɗa, a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono. Sauro kuwa ba ya kawo ta, haka musafaha, da buta, da tabarmar salla, da kwanon tuwo.

Kada wanzamai su ji haushina. Sana'arsu ta gado ce, kuma ɗaukar ƙanjamau ta aska bai kai ta hanyar farko yawa ba, ko kusa. Amma ciwon hanta ya fi shi saurin bi ta wannan ƙofa, saboda haka sabuwar reza ga kowane kai ba raini ba ne, a wajen aski ne, ko kaciya, ko ƙaho, ko yankan farce. Abin da na lura shi ne, manya sun fi son yin maganar aska, don ita ce ba ta da nauyin faɗa. Sai yaro ya tashi yana tsoron aska, babbar hanyar kuwa ba wanda ya tsare masa ita.

Akwai wani mutum da na sani tun ina firamare. Ya daɗe yana ci-rani, ya komo gida a rame. Aka ce sammu ne, aka ce iska ce, aka sha rubutu da sassaƙe. Da zancen ya fito, sai aka ware masa kwano da buta, masu zuwa dubiya suka ɗauke ƙafa, aka hana mu wasa da ɗansa. Ni ma na guje shi, har yau abin na damuna. Mutumin ya rasu. Matarsa ce wata unguwarzoma ta lallaba ta kai asibiti, aka auna, aka same ta da ƙwayar, aka sa ta a kan magani. Tana nan da ranta, garau, tana sana'arta. Ɗan kuwa da muka guda, da aka auna shi ba a sami kome ba.

Bambancin miji da matar nan magani ne. A da ana yi wa ciwon kirari da "kabari salamu alaikum", amma tun 1996 aka sami haɗin magunguna masu danne ƙwayar, tun 2006 kuma gwamnatin Nijeriya ta ce a riƙa ba da su kyauta. Ba sa fitar da ita daga jiki, sai dai wanda ke sha kullum ba fashi ya kan rayu har ya tsufa. Idan ƙwayar ta kwanta ƙwarai, har awo ba ya ganin ta a jini, ba ya sa wa matarsa. Ma'aurata kuma da ɗayansu ke da ita, likita ya kan ba su shawarar kororon roba. Mai ciki da ba ta shan magani, daga jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ke ɗauka, da magani kuwa ba su kai 5 ba. Ga wani abu da nake so kowace yarinya da kowace uwa su riƙe: wanda aka yi wa fyaɗe, ko allurar mai cutar ta soke shi, akwai maganin kariya, amma sai an fara shi cikin awa 72. Iyayen da suka ɓoye irin wannan masifa don gudun surutu, kwana ukun nan suke ɓata wa 'yarsu.

Mu da ba mu yi aure ba, kariyarmu ita ce kame kai, abin da addini ya riga ya umarta. Idan aure ya zo, a yi gwaji. Jihar Kano ma ta mai da shi doka a 2024. Binciken 2018 ya nuna mata sun kusa ninka maza wajen ɗaukar ƙwayar, kuma a garinmu sau da yawa yarinya daga aji sai ɗakin miji, saboda haka uban da ya nemi takardar gwaji ba zargin surukinsa ya yi ba. Akwai kuma dokar ƙasa ta 2014 da ta hana a kori mai ɗauke da ƙwayar daga aiki ko makaranta.

Tun 2003 aka fito da manhajar koyar da zaman iyali da ƙanjamau domin makarantun Nijeriya, amma awa ɗaya a aji ba ta isa ba. Na san nauyin da ke kan iyayenmu. Mutumin da ko sunan ɗansa na fari ba ya iya kira, yaya zai zaunar da shi ya yi masa wannan zance? Ni kaina da na koma gida ban iya tunkarar Baba ba. Kakata na samu tana kaɗi, na kwashe duka na gaya mata. Ta ce, "Kai, miji na banza, abin da ake koya muku ke nan a bokon?" Ta yi dariya, sa'an nan ta yi shiru. Kashegari na ji ta kira ƙanwar Babana da ke da ciki, tana tambayarta ko an auna jininta a wurin awo.

Ashe mu Hausawa muna da hanyarmu. Abin da uba ba zai faɗa ba, kaka ta faɗa cikin wasa, ko kawu, ko gwaggo, ko malamin Islamiyya. Roƙona ga Ƙungiyar Iyaye da Malamai shi ne, kafin 1 ga Disamba, ranar da duniya ke tunawa da ciwon tun 1988, a gayyato ma'aikatan lafiya biyu, namiji ya zauna da maza, mace ta zauna da mata, a ba kowa 'yar takarda ya rubuta tambayarsa ba suna. Ni kaɗai ina da tambayoyi huɗu da har yanzu ban sami bakin yi wa Malam ba.