Ƙwayar alkama guda da ta fi ƙarfin taskar sarki

Malam Ibn Khallikan, cikin littafinsa Wafayatul A'ayan wanda ya soma rubutawa a Alƙahira a shekarar 1256, ya kawo labarin wani mai hikima na ƙasar Indiya, Sissa, wanda aka ce shi ya ƙago darar da Larabawa ke kira shaɗaranji. Allon wannan dara gida 64 gare shi. Da sarki ya ce ya faɗi ladansa, sai ya roƙi ƙwayar alkama 1 a gidan farko, 2 a na biyu, 4 a na uku, a yi ta ninkawa har gidan ƙarshe. Sarki ya raina roƙon. Masu lissafin fada ne suka komo suka shaida masa cewa rumbunan duniya duka ba su isa ba.

Ga jimillar: 18 446 744 073 709 551 615. Da mutum zai ƙidaya ƙwaya guda kowane sakan, dare da rana, sai ya share fiye da shekara miliyar 584.

Asirin yana cikin ninki. A gida na 11 ƙwaya 1 024 ce kawai, a na 21 an wuce miliyon. Kowane gida yana ɗauke da abin da duk gidajen baya suka tara, da ƙarin ƙwaya guda. Wannan ba labarin fada ba ne kaɗai: manomin da ya ranci tiya guda ta hatsi bisa sharaɗin ninki kowace kaka, in ya yi shekara 10 bai biya ba, tiya 1 024 ake bin sa.

Masana suna sa ta cikin dangin lambobin Mersenne, sunan wani fada na Faransa da ya rasu a 1648, wato lambobin da ake samu in an yi ta ninka 2 sa'an nan aka ɗebe 1. Mara ce, ba cika ba. Tun da ta ƙare da 5, tana rabuwa da 5; alƙalumanta 20 in an tara su 87 ne, saboda haka tana rabuwa da 3, amma ban da 9. In aka ci gaba da farfasa ta har a kai ga lambobin da ba su rabuwa sai da kansu ko da 1, bakwai ake tararwa: 3, 5, 17, 257, 641, 65 537 da 6 700 417, kowace sau ɗaya tak.

Biyu daga cikinsu sun ba malamai wuya. In aka buga 641 da 6 700 417 ana samun 4 294 967 297, wadda Fermat, babban masani na Faransa, ya ɗauka a 1640 cewa ba ta rabuwa. Haka aka zauna shekara 92, sai a 1732 Euler, mutumin ƙasar Suwis, ya raba ta da 641 da alƙalami da takarda, bai bar saura ba.