Kifi a tsakar gida, taki daga ruga

Ga abin da muka tattauna a shirin wannan mako, saboda wanda rediyo ta ƙi kama masa a daji, da wanda lodi ya tsare a bakin iyaka.

Ka tuna lokacin da aka rufe iyaka? Najeriya ta rufe a watan Agusta 2019, ba ta buɗe ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, har watan Maris 2024. Kai da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko Konni zuwa Illela, ba sai an ba ka labari ba: motoci sun yi layi, kaya sun lalace, kuɗin cefane ya hau. Amma salati da zogale da yakuwar da ake ci a Maraɗi ba su jira mota ba, don a gefen gari ake noma su, cikin fadamar Gulbi da garake na Jiratawa. Haka Yamai take da Gamkalle a bakin kogi, haka Kano take da lambunan Jakara. Ganye ba ya jure tafiya, kwana ɗaya ya yi yaushi. Shi ya sa garka, ko lambu in ji ƴan'uwanmu na tsallake, take manne da birni.

Tuwo yana cika ciki, wannan ba gardama. Amma yaron da ke cin tuwo da miyar kuka kullum, babu ganye ɗanye, babu nama, babu madara, tamowa na iya kama shi ko da bai taɓa kwana da yunwa ba. Nama ya yi wa talakan birni tsada. A nan kifi ya shigo.

Kifin da ake kiwo a gida, galibi tarwaɗa ce. Dalili? Tana iya leƙowa sama ta shaƙi iska, don haka tana jure cunkoso a tankin siminti ko na tamfol, inda karfasa za ta galabaita. Ana sayen ƴaƴanta kamar tsawon yatsa. In abinci ya wadata, cikin wata biyar zuwa shida takan kai wajen kilo guda. Sai dai fa tarwaɗa ba ta da zumunci: babba na cinye ƙarama, dole a riƙa ware su bisa girma. Kuma abinci shi ke cinye jari, fiye da rabin abin da mai kiwo zai kashe yana tafiya ne a can.

To ɗan kasuwa, ga inda kake shigowa. Yawancin abincin kifin nan da ƴaƴan kifin daga Najeriya ake ɗauko su, don haka canjin naira da sefa yana taɓa tankin da ke tsakar gidan wani. In za ka ɗauko buhun abinci, kada ka bari ya sha danshi. In ya yi funfuna, guba ka kawo wa mutum. Ƴaƴan kifi kuwa da sanyin asuba ake tafiya da su, a jarkar da aka buɗe wa sama, kuma ba a ciyar da su kwana guda kafin tafiya don kada su ɓata ruwan. In hanya ba ta da tabbas, ni dai shawarata kifin banda ya fi maka kwanciyar hankali.

Ruwan tankin ana sauya shi duk kwana biyu ko uku. Wari gare shi, maƙwabta ma sukan yi ƙorafi in an sake shi a titi. Amma kashin kifi da ragowar abinci sun mai da shi taki mai ruwa. Mai dabara sai ya ja shi zuwa fangalin alayyafo ko gindin zogale, ruwa ɗaya ya yi aiki biyu.

Kai kuma makiyayi, abin da garka ke nema wurinka yana nan ƙarƙashin ƙafar shanunka. A da manomi ke roƙon ka ka sauka a gonarsa bayan girbi, ya ba ka hatsi, shanu su bar masa taki. Mai garka ya fi shi buƙata, don fili ɗaya yake nomawa sau uku ko huɗu a shekara, ga takin zamani ya yi tsada. Saboda haka kada ka bar kashin shanu da na awaki a banza. Tara shi wuri ɗaya, yayyafa ruwa, rufe shi, riƙa juyawa har wata biyu ko uku ya ruɓe. Ɗanyen taki yana ƙona shuka, yana kawo irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Wanda ya ruɓe shi ake saye amalanke-amalanke. In kuma an ba ka ragowar ganyen kabeji don dabbobi, tambayi yaushe aka yi feshi, ka kuma tsince leda kafin ka zuba musu.

Akwai wata magana da ba zan ɓoye ba. Fadamar da ake kafa garka, sau da yawa ita ce mashayar dabbobi tun kaka da kakanni. Birni na faɗaɗa, shinge na cin burtali, wata rana ka dawo daga mashekari ka tarar da salati inda ka saba bi. Abincin birni bai kamata ya zama sanadin toshe maka hanyar ruwa ba. A Nijar dokar makiyaya ta 2010 ta kare burtali da mashaya, kuma akwai hukumomin filaye, waɗanda ake kira COFO, tun daga ƙauye har kwamin. In ka ga an fara kafa shinge, je ka da ardo ku yi magana tun ba a shuka ba, don in shanu suka riga suka shiga, zancen biyan ɓarna ake yi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake haɗa abincin kifi a gida da masara, dusa da ƙuli-ƙuli. Mai tambaya ya bugo lokacin shirin.