Tashoshin Jirgin Ƙasa Huɗu Da Suka Cancanci A Gina Misalinsu A Kan Tebur

 Ku sani a ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wata sana'ar hannu wadda dattawa ke yi in sun taso daga aiki. Mutum ya kan zaɓi wata tashar jirgin ƙasa ta gaskiya, ya auna ta, ya gina misalinta ƙarami a kan tebur, da dogonta da ɗakunanta da taragunta, ya ja wa dogon lantarki har ɗan jirgin ya riƙa kai da kawowa. A birnin Hambug na Jamus an buɗe wani gida a shekarar 2001 wanda ba abin da ke cikinsa sai irin wannan aiki, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Abin ba baƙo ba ne gare mu ƙwarai, gama wanda ya ga yaran unguwa suna ƙera motar kara ko ta langa-langa ya ga tushensa. Bambancin kawai shi ne, nasu da awo a ke yinsa.

Awon da ya fi yaɗuwa shi ne a raba tsawon kowane abu gida 87, a ɗauki ɗaya. Mil guda na hanya sai ya komo ƙafa 60 da 'yan kai, tashar da ta kai rubu'in mil ta komo ƙafa 15, watau tsawon zaure madaidaici. Tsohon dogon ƙasarmu faɗinsa ƙafa uku da rabi ne, a kan tebur ba ya kai nusufin inci sosai. Buhun gyaɗa kuwa, in an rage shi da wannan awo, girmansa ba ya wuce ƙwayar gyaɗa guda.

To, ba kowace tasha ce ta dace da wannan aiki ba. Sharuɗɗanta uku ne. Na farko, ta shiga ɗaki in an rage ta. Na biyu, ya zama akwai aikin da a ke yi a cikinta wanda ido zai gane ba tare da tafinta ba, kamar loda kaya da sauke su da raba taragu. Na uku, ta kasance da wata kama tata ta kanta, yadda tsoho zai dube ta ya faɗi sunan garin tun ba a gaya masa ba. In aka bi waɗannan sharuɗɗa, a ganina tashoshi huɗu ne a Arewa ke kan gaba, ga su bi da bi.

Ta farko, Baro

Baro tana bakin kogin Kwara, a ƙasar Nufe, daga nan kuma dogon Arewa ya faro. A zamanin Gwamna Girouard aka yanke shawarar ginin a 1907. Jiragen ruwa su ke hauro kogi da ƙarafan dogo da kawunan jirgi lokacin da ruwa ya cika, a sauke su a Baro. Daga can aka ja hanya mil 111 zuwa Minna, aka zarce ta Kaduna da Zariya, ta isa Kano a 1911, jimla mil 356.

Abin da ya sa ta dace shi ne, a wuri guda ga ruwa, ga dogo, ga tsauni a bayan gari. Mai ginawa zai sa kogi a gaban tebur, jirgin ruwa ya jingina da gaɓa, taragu na jere kusa da shi, kaya na fita daga wannan suna shiga wancan. Amma ɗaukakar Baro ba ta daɗe ba. A 1912 dogon da ya taso daga Ikko ta Jebba da Zungeru ya haɗu da wannan a Minna, sai yawancin kaya suka koma bin hanyar Ikko, wadda ba ta jiran cikar kogi. Reshen Baro ya yi ta ja da baya har jirgi ya daina binsa. Wanda ya gina misalinta ya adana ƙofar da jirgin ƙasa ya shigo Arewa ta cikinta.

Ta biyu, Zariya

Tashar Zariya, wadda ke Sabon Gari, mararraba ce. Ban da babban dogo mai zuwa Kano, wasu biyu sun rabu daga gare ta. Ɗaya ya nufi Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, yana kwaso auduga da gyaɗa. Ɗayan kuwa shi ne ƙaramin dogon da a ke kira na Bauci, ko da ya ke bai taɓa isa garin Bauci ba. An gina shi saboda kuza, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, ya hau tudun Jos ya kai Bukuru a 1914, tsawonsa mil 143, faɗinsa ƙafa biyu da rabi kacal.

A nan ne daɗin aikin ya ke. Da ya ke faɗin dogayen biyu ya saɓa, taragon wannan ba ya hawa dogon wancan, tilas sai lebura sun kwashe kaya daga ƙaramin tarago sun mai da cikin babba. A kan tebur za a ga dogo mai nusufin inci da wani mai sulusin inci suna kwance kusa da juna, ƙaramin jirgi da babba suna musayar kaya.  Sai dai mai ginawa ya kula da shekara. A 1927 babban dogo ya isa Jos ta Kafancan, kuza ta sami hanya mafi sauƙi zuwa Fatakwal, ƙaramin ya soma mutuwa, aka rufe shi a 1957, aka kwashe ƙarafansa. Saboda haka wanda ke son hanyoyin nan duka su bayyana a misalinsa sai ya zaɓi wata shekara tsakanin 1929 da 1957, ya tsaya a kanta. Kada ya haɗa abin da zamani bai haɗa ba, domin yin haka kamar mai kwafar littafi ne ya cusa sharhi a cikin matani.

Ta uku, Kano

Tashar Kano tana wajen ganuwa, gabas da birni. Girmanta ya fi ƙarfin tebur, don haka hikima ita ce a yanki ɓangare guda, ɓangaren da ya fi cancanta kuwa shi ne na dalar gyaɗa. Sa'ad da aka buɗe hanya ga ciniki a 1912, Turawa auduga su ke tsammani, har sun kafa injin gurzarta a Zariya. Manoman Kano suka yi nasu lissafi, suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma in kasuwa ta faɗi a ci ta, amma auduga ba ta shiga tukunya. Kafin a ankara buhuna sun cika filin tasha. Sunan Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, shi ne ya fi shahara da wannan jeri na buhuna.

Ku lura da wani abu, ya ku 'yan kasuwa. Dalar nan da a ke alfahari da ita, ban da yawan amfanin gona, tana kuma nuna gazawar jirgi. Dogon guda ɗaya ne tak, jirage biyu ba sa wuce juna sai a tasha, ga ƙarancin kawuna da taragu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Sai kakar bana ta iske ta bara ba a gama kwashewa ba, a rufe ta da tamfol saboda ruwan sama. Misali mai gaskiya ya kamata ya nuna wannan: dala da yawa, taragu kaɗan, sikeli a gefe, sitocin kamfanoni a baya. A ɗaya dogon kuma a sa taragun da suka zo daga kudu da huhunan goro da gishiri da kananzir, da waɗanda za su koma da fatu da ƙiraga da shanu. Wannan dogo shi ne ya rage ayarin jakuna mai zuwa Gwanja, ya mai da tafiyar watanni ta kwanaki. Dalar kuwa ta ɓace a shekarun 1970, bayan fari, da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, da komawar hankalin hukuma ga man fetur.

Ta huɗu, Nguru

Wanda zai fara wannan aiki, da Nguru zan ba shi shawara ya fara. Dogo ya iso ta daga Kano a 1930, ta Ringim da Malam Madori, tafiyar kimanin mil 140, a nan kuma ya ƙare. Tashar ƙarshen hanya ita ce mafi sauƙin ginawa, domin ta gefe ɗaya kaɗai jirgi ke shigowa, tebur guda jikin bango ya isa. Aikinta kuma a fili ya ke: jirgi ya iso, kan ya rabu da taragu, ya zaga ta dogo na biyu, ya raba su wuraren lodi, ya sha ruwa a tanki, sa'an nan ya haɗa waɗanda suka cika ya koma da su.

Kafin dogo ya kai Maiduguri a 1964, Nguru ce bakin hanyar jirgi ga ƙasar Manga da Bade da yammacin Barno. Gyaɗa da ƙaro da fatu da busasshen nama da shanu duk a nan su ke taruwa su jira tarago. Ƙasar shimfiɗe ce mai rairayi, ga goriba da ƙaya, saboda haka yashi da kara da 'yar ƙasar gini sun ishi mai ƙira, ba ya bukatar sayen abu mai tsada.

Yadda za a fara

Kawunan jirgi na wancan zamani da kwal ɗin Inugu su ke tafiya, sai a 1955 masu shan man gas suka soma shigowa. Wanda ya zaɓi shekara kafin wannan, ya tanadi tankin ruwa da tarin kwal a misalinsa. Dogo da ƙafafun taragu daga waje a ke sayo su, amma ɗakuna da sito da dala da itatuwa duk aikin hannu ne, masassaƙinmu da maƙerin farfaru da mai gyaran rediyo sun isa su yi shi in sun haɗa kai. Game da sura kuwa, tambayar da na san malamai za su yi, siffanta abin da ba shi da rai kamar gini da jirgi da itace ba a nan saɓani ya ke ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da gumakan mutane da dabbobi ba ya bar su, tashar za ta yi bayanin kanta da kayanta.

Abin da ya fi wuyar samu shi ne sani. Ina sikeli ya ke? Ta wace ƙofa a ke shigar da shanu? Taragu nawa dogon lodi ke ɗauka? Wannan ba a rubuce ya ke duka ba, yana cikin kawunan tsofaffin direbobi da masu tuta da 'yan dako da dillalai. Yaron da ya ga ƙaramin jirgin Bauci da idonsa yana ɗan shekara goma, yau ya tasam ma tamanin. Sabbin tashoshi irin na dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 suna nan tsaye, kowa na da hotonsu a waya, za su iya jira. Waɗannan huɗu su ne ba su da lokaci, gama rufi na zuba, ƙarfe na bin 'yan gwangwan, masu labari kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Don haka ina kira ga attajiran da kakanninsu suka yi arziki a bakin dogon nan, su ɗauki nauyin tebur guda a makaranta ko gidan tarihi na garinsu. Matasa kuma su ɗauki igiyar awo da takarda su nufi tasha, su auna abin da ya saura, su zauna gaban dattawa su rubuta abin da suka ji. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yaron da aka gaya wa an taɓa yin dutsen gyaɗa a Kano ya kan ɗauka tatsuniya ce, amma in ya tsaya gaban tebur ya ƙirga buhuna da taragu da kansa, zai fahimci yadda abincin gidansu ya samo asali. Allah ya ba mu masu himma.