Ko ka sani? Na'urar da ake auna ta da abin da ba ta gani ba

Akwai wani ƙwan gilashi da masana ke kira PMT, mai iya ganin ƙwayar haske guda tak. Ƙwayar na bugun fuskarsa sai ilektiron ɗaya ya ɓalle, ya faɗa kan farantin ƙarfe ya tayar da kamar biyar, su ma su bugi faranti na gaba, har faranti goma. Ɗaya ya zama kusan miliyan 10. Irinsa ne a cikin na'urorin masu neman yuraniyom, ma'adinin da ake haƙa a Arlit tun 1971.

To amma babu ƙwai biyu masu ƙarfi ɗaya, dole a daidaita kowanne. Nan ne abin ya ƙayatar da ni ƙwarai. Ba haske mai ƙarfi ake haska masa ba. Ana ƙyasta masa ɗan haske ne mai rauni sau dubbai, yadda yawancin lokuta ba zai ga komai ba, sannan a ƙirga sau nawa ya yi shiru. Da lissafin da Bafaranshe Siméon Poisson ya wallafa a 1837, shirun nan kaɗai ya isa. In ya yi shiru sau 37 cikin 100, kowane ƙyasti na ɓalle ilektiron ɗaya ke nan a matsakaici. In sau 90 ne, kusan ɗaya a ƙyasti goma. Manomi ma ya san dabarar: bayan ruwan shuka, ramukan da geronsu bai tsiro ba yake ƙirgawa ya gane ingancin irinsa. Da an san yawan ilektiron, sai a dubi wutar da ta fito a gane ninkin da ƙwan ke yi. Ana kuma cire bugun ƙarya, don zafi kaɗai kan sa shi motsi cikin duhu.

A Japan, ƙarƙashin dutse mita 1,000, na'urar Super-Kamiokande na da ƙwai sama da 11,000, kowanne faɗinsa santimita 50, kewaye da ruwa tan 50,000. Ranar 12 ga Nuwamba 2001, ana cika tankin ruwan, ƙwai ɗaya ya fashe. Girgizar ta bi ruwa ta farfasa sama da 6,000 nan take. Sai da aka sake jera waɗanda suka tsira, aka sa musu garkuwa, aka daidaita su ɗaya bayan ɗaya.