Bakan Hasken Gamma da Matsalar Rarraba Bilaza

A tsakiyar wasu damman taurari akwai ƙaton baƙin rami da ke haɗiyar gas, yana kuma fitar da siririn feshi mai gudun da ya kusa kai na haske. Idan feshin ya fuskanci duniya, masana sararin samaniya kan kira abin bilaza, sunan da Edward Spiegel ya ƙirƙiro a 1978.

An daɗe ana raba bilaza gida biyu ta hanyar duba bakan haskensu, wato yadda hasken ya rarrabu bisa ƙarfinsa, kamar launukan bakan gizo. Waɗanda gas ɗin da ke kewaye da raminsu ya bar faffaɗan layuka a bakan su ne ajin FSRQ. Waɗanda layukansu suka dusashe ko suka ɓace su ne ajin BL Lac. Sai dai ma'aunin yana da rauni, domin feshin kan yi hasken da zai danne layukan. BL Lacertae kanta, wadda ajin ya ci sunanta, an ga faffaɗan layin haidurojin a bakanta a 1995.

A nan ne hasken gamma ya yi rana. Bakan kowace bilaza yana da tozo biyu. Na farko yana fitowa daga ƙwayoyin ilektaron da ke kewaya maganaɗisun feshin. Na biyu, a bayanin da ya fi karɓuwa, yana samuwa ne idan waɗannan ƙwayoyi suka bangaji haske mai rauni suka mayar da shi gamma. A FSRQ, irin su 3C 279, hasken da ke kewaye da ramin yana da yawa, saboda haka ƙwayoyin kan gaji da wuri: tozon farko ya tsaya ƙasa da haz 10¹⁴, na biyu ya rinjaye shi, bakan gamma kuma ya gangara da sauri. Markarian 421, wadda madubin Whipple ya gano gamma mai tsananin ƙarfi daga gare ta a 1992, muhallinta fayau yake, don haka tozonta na farko ya kai har hasken ekis.

Kumbon Fermi, da aka harba a 2008, ya auna dubban bilaza ya tabbatar da wannan bambanci, amma azuzuwan biyu suna cuɗanya a tsakiya. TXS 0506+056, wadda aka danganta da ƙwayar niyutirino da IceCube ta kama a 2017, an rubuta ta a ajin BL Lac. A 2019 Paolo Padovani da abokan aikinsa suka kawo hujjar cewa FSRQ ce da feshinta ya rufe wa layuka.