Baƙin Rairayin Bioko, a Kan Layin Duwatsun Kamaru

Yashin da mutanen Garwa suka sani shi ne na kogin Binuwai, wanda yake bayyana shimfiɗe a tsakiyar kogi da zarar ruwa ya janye bayan kaka, fari mai ɗan ja-ja, masu kwale-kwale suna ɗibarsa, manyan motoci suna kai wa magina a unguwanni. Irinsa ne kuma a bakin tafkin Lagdo, inda aka datse kogin tsakanin 1977 da 1982, har mazauna birni suka samu wurin shan iska a ranakun hutu. Wannan yashi ragowar tsofaffin duwatsu ne da ruwa ya daɗe yana niƙawa, kuma haskensa ya samo asali ne daga wani farin ma'adini mai tauri da masana ke kira kwaz. Saboda wannan sabo ne mutumin arewacin Kamaru yake ɗauka cewa rairayi a ko'ina fari ne ko ja, alhali kuwa kimanin kilomita 800 kudu maso yamma da Garwa, a tsibirin Bioko na ƙasar Ikwatoriyal Gini, akwai bakin teku da rairayinsa baƙi ne kamar garin gawayi, kuma asalin wannan baƙin rairayi yana haɗe da asalin duwatsun da suka saka Garwa a tsakiya ta arewa da ta kudu.

Abin da ya haɗa su shi ne jerin duwatsu masu aman wuta da masana ilimin ƙasa ke kira Layin Kamaru, wanda tsawonsa ya kai kimanin kilomita 1,600, wani sashensa a tudu, wani a cikin teku. Dutse mai aman wuta kafa ce da narkakken dutse daga can ƙarƙashin ƙasa yake bi ya fito sarari, idan ya huce ya daskare, amai bisa amai, har tsauni ya tashi. Layin ya faro daga tsibirin Annobon a tsakiyar ruwa, ya biyo ta Sawo Tome da Firinsife da Bioko, ya hau tudu a Dutsen Kamaru wanda ya haura mita 4,000, ya ratsa tsaunukan yammacin ƙasar, sannan ya rabu: reshe ɗaya ya nufi tudun Adamawa wajen Gaundare, ɗaya ya miƙe arewa zuwa tudun Biu a Najeriya da tsaunukan Mandara. Duk wanda ya je Rumsiki a tsaunukan Mandara ya ga tsinin dutsen nan da ya tsaya shi kaɗai kamar tabarya a turmi, to ya ga maƙogwaron wani tsohon dutse mai aman wuta, wato narkakken dutsen da ya daskare a cikin kafar, sa'an nan ruwan sama da iska suka cinye jikin tsaunin da ke kewaye da shi suka bar shi tsirara. A kudancin Sawo Tome akwai ɗan'uwansa, Kawun Garande, mai tsayin mita 663, wanda ya tsaya haka nan a tsakiyar kurmi, kuma duk wanda ya ajiye hotunan biyu gefe da gefe zai gane zumuncin ba tare da an yi masa bayani ba. Tafkin Tison da ke kusa da Gaundare shi ma bakin wani dutsen ne da ya mutu, ruwa ya cika shi. Ba dukan layin ne ya mutu ba: Dutsen Kamaru ya yi amai a 1999 da 2000, kuma a daren 21 ga Agusta 1986 tafkin Niyos ya saki iskar da ta taru a ƙarƙashinsa, ta hallaka mutum fiye da 1,700 da dubban shanu.

Bioko shi ne mafi girma a tsibiran layin, faɗin ƙasarsa ya ɗan haura murabba'in kilomita 2,000, kuma kilomita 32 kacal ke tsakaninsa da gaɓar Kamaru, ta yadda idan gari ya washe ana hango tsauninsa daga garin Limbe da ke wannan gaɓa. Manyan duwatsu uku ne suka haɗu suka gina shi: Basile a arewa mai tsayin mita 3,011, wanda ya yi amansa na ƙarshe a 1923, Biyawo a kudu maso gabas, mai tafki a kansa, da kuma babban kwarin Luba a kudu maso yamma, wanda tsauni ne da samansa ya rufta bayan cikinsa ya zama fanko, ya bar wani ƙaton rami mai kama da tukunya. Ruwan da ya raba tsibirin da Kamaru ba shi da zurfi sosai, domin har zuwa kimanin shekara dubu goma da suka shige, lokacin da teku ba ta cika kamar yanzu ba, ƙasar a haɗe take, shi ya sa birai da tsuntsayen Bioko suka yi kama da na kurmin Dutsen Kamaru. 'Yan asalin tsibirin su ne Bubi. Matuƙin jirgin ruwan Fotugal, Farnando Po, ya iso wurin a wajen 1472, sunansa kuma ya bi tsibirin shekaru ɗari biyar. Fotugal ta miƙa tsibirin ga Sifen a 1778, Ingilishi suka kafa sansani a inda birnin Malabo yake yanzu a 1827, Ikwatoriyal Gini ta sami 'yanci a ranar 12 ga Oktoba 1968, sunan Bioko kuma ya tabbata a 1979.

Baƙin rairayin ɗiyan waɗannan duwatsu ne. Aman da ya gina tsibirin yawancinsa basalti ne, wato baƙin dutse mai nauyi da ke ɗauke da ƙarfe mai yawa, ba shi kuma da farin ma'adinin nan na yashin Binuwai. Koguna gajeru masu gudu suna gangaro da ɓaraguzansa daga tsauni, igiyar ruwa tana karɓa tana niƙawa dare da rana, tana wanke abin da ba shi da nauyi, tana barin mai nauyin a gaɓa. Idan aka damƙi wannan rairayi a jiƙe sai a ji ya fi yashin kogi danƙo da nauyi a tafin hannu, idan ya bushe sai ya koma toka-toka yana ƙyalli ƙasa-ƙasa, idan kuma aka ja maganaɗisu a cikinsa sai ƙwayoyi su manne masa kamar gashin goga. Baƙin abu yana shan zafin rana fiye da fari, saboda haka da azahar rairayin yakan ƙona tafin ƙafa ko da iskar teku tana kaɗawa, abin da ba zai ba mutumin Garwa mamaki ba, shi da ya san yadda kwalta take a watan Afrilu.

Baƙon da ya sauka a Malabo yawanci Sipopo ake nuna masa, unguwar alfarma da aka gina a gabas da birnin domin taron ƙolin Tarayyar Afirka na 2011, wuri mai tsafta da tsari, amma irin wanda kuɗi ke iya ginawa a kowace ƙasa. Wanda ya bi hanyar yamma zuwa Luba, gari na biyu a tsibirin, mai tazarar kimanin kilomita 50, zai tarar da Arena Bilanka, sunan da a Sifaniyanci yake nufin farin rairayi, kuma sunan kansa shaida ne cewa fari baƙon abu ne a nan, tun da har ya isa a raɗa wa wuri suna da shi. Ruwan wannan ɓangare ba shi da hauka, iyalai suna zuwa da abincinsu, masunta suna jan kwale-kwale zuwa inuwar bishiyoyi, da rani kuma malam-buɗe-littafi yakan yi dandazo a wurin.

Gaɓar da ta cancanci wahalar tafiya tana can kudu, inda tsibirin ya juya wa Afirka baya ya fuskanci tekun Atlantika. A nan ne ƙauyen Ureka yake, ƙaramin ƙauyen Bubi da ya shiga littattafan ilimin ƙasa saboda ruwan sama: ana lissafa masa fiye da milimita 10,000 a shekara, wato kusan ninki goma na abin da Garwa take samu a damina guda, kuma hakan ya sa shi cikin wurare mafi yawan ruwan sama a duniya. Dalilin a fili yake, domin iskar damina da ta taso daga teku ɗauke da danshi tana cin karo da tsaunin da ya tashi sama da mita 2,000 daf da ruwa, sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da kayanta a wuri guda. Ita ce dai iskar da ke ƙarasawa arewa ta kai wa manoman auduga da dawa na kwarin Binuwai ruwan shuka, bayan ta sauke mafi yawan nauyinta a hanya. Sakamakon wannan ruwa shi ne kurmin da ya sauko har bakin rairayi ba tare da tsaiko ba, da ƙoramu masu faɗowa daga saman dutse kai tsaye zuwa gaɓa, inda ruwan daɗi mai sanyi yake taruwa a kwarmi taku kaɗan daga ruwan gishiri. Gabas da yamma da ƙauyen akwai shimfiɗu irin su Mowaba da Moraka, waɗanda ƙafa ko jirgin ruwa ne kawai ke kai mutum, babu rumfa, babu mai talla, kuma sawun da aka fi gani a kan rairayin da safe na dabbobi ne.

Mafi girman waɗannan sawaye na kunkurun teku ne. Iri huɗu ne suke hawowa gaɓar kudancin Bioko su yi ƙwai, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kuma babbansu shi ne mai bayan fata, wanda ba shi da ƙoƙo mai tauri irin na kunkurun tudu ko kififiyar kogi, bayansa wata kakkaurar fata ce mai tudu-tudu a tsaye. Tsawonsa yakan kusanci mita biyu, nauyinsa kuma yakan kai na bijimin sa. Macen tana fitowa da dare, tana jan jiki da hannuwanta masu kama da filafili, tana barin sawu mai faɗi kamar na tayar tarakta, har ta wuce inda ruwa ke kaiwa idan ya cika. A nan take share wuri, sa'an nan ta haƙa rami da ƙafafunta na baya, ɗaya bayan ɗaya, kowace tana ɗebo rairayi kamar ludayi tana ajiyewa gefe, ba tare da ta waiwaya ta ga aikin ba. Takan zuba ƙwai wajen tamanin zuwa ɗari, farare masu taushin ɓawo, ta rufe, ta daddale, ta watsa rairayi ko'ina don ta ɓatar da alama, ta koma ruwa ba ta sake dawowa kansu. Zafin rairayi ne yake ƙyanƙyashe su cikin kimanin wata biyu, kuma shi ne yake yanke ko maza za su fito ko mata: idan ramin ya ɗara kimanin digiri 29 mata sukan fi yawa, idan ya gaza maza sukan rinjaya. Ke nan launin rairayin da yawan ruwan saman da ke sanyaya shi suna da hannu a makomar dabbar da ke yawo dubban kilomita a teku.

Shekaru da yawa wahalar hanya ce take tsaron wannan gaɓa, domin zuwa Ureka yana nufin doguwar tafiyar ƙafa ta cikin kurmi ko shiga ƙaramin jirgi a ruwa mai haɗari. A shekarar 2000 aka ayyana kwarin Luba da kudancin tsibirin a matsayin gandun da aka keɓe don bincike, a 2007 gwamnati ta haramta farautar birai, kuma wani shiri na haɗin gwiwa tsakanin jami'ar ƙasar da Jami'ar Drexel ta Amurka ya daɗe yana ɗaukar mutanen yankin aikin ƙirga ramukan ƙwai da sintiri a bakin teku. Sai dai a wajen 2014 aka kammala hanyar mota daga Luba zuwa Ureka, kuma hanya ba ta zaɓen wanda zai bi ta: ta sauƙaƙa wa mara lafiyan ƙauye zuwa asibiti, ta sauƙaƙa wa mai yawon buɗe ido, ta kuma sauƙaƙa wa mafaraucin da ke kai naman biri da na kunkuru kasuwar Malabo. Ba daidai ba ne a so wa mutanen Ureka zama a killace domin wasu su samu wurin kallo, amma kuma gaskiya ce cewa kunkurun da sai ya shekara goma ko fiye kafin ya fara ƙwai ba ya jure yanka a lokacin da ya hawo tudu. A nan ne baƙo yake da amfani idan ya zo ta hanyar da ta dace, domin kuɗin da ya biya ɗan jagora na ƙauyen da mai dafa masa abinci yana sa rayayyen kunkuru ya fi matacce daraja a idon mai gida.

Matafiyi daga Garwa yana da sauƙin da Bature ba shi da shi. Mota za ta kai shi Gaundare, jirgin ƙasa na dare ya sauke shi a Yawunde, ya ƙarasa Duwala, daga can kuma jirgin sama ba ya cika awa guda kafin ya sauka a Malabo. Kuɗin da ke aljihunsa, sefar Afirka ta Tsakiya, shi ake kashewa a can, kuma a birnin akwai masallatai da 'yan kasuwa Musulmi daga Kamaru da Afirka ta Yamma da za su iya yi masa masauki da jagora. Harshen hukuma da aka fi aiki da shi Sifaniyanci ne, amma a kasuwa ana jin wani Turancin buroka da ake kira Pici, ɗan'uwan wanda ake yi a Duwala da Limbe. Shiga gandun kudu yana bukatar izinin hukuma, akwai kuma shingayen jami'an tsaro a hanya, don haka takardu su kasance a hannu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ya rufe Garwa da hazo, domin a lokacin ne ruwan sama yake ɗan lafawa a kudancin tsibirin, a lokacin ne kuma kunkuru yake hawowa.

Abu biyu ne ya kamata ɗan tudu ya kiyaye. Na farko, iya iyo a Binuwai ko a Lagdo ba ya wadatarwa a wannan teku, domin gaɓar tana da gangara, igiyar ruwa tana fasowa da ƙarfi, kuma akwai wuraren da ruwan da ya hau tudu yake komawa ta siririn mashigi da gudun da ke jan babban mutum zuwa zurfi. Wanda ya faɗa irin wannan ja ya yi iyo a gicciye, a layin gaɓa, maimakon ya yi kokawa da shi kai tsaye, mafi aminci kuma shi ne ya yi wankansa a kwarmin ƙorama. Na biyu, da dare ba a haska tocila ko fitilar waya a bakin rairayi, domin haske yana mayar da macen da ta zo yin ƙwai ruwa ba tare da ta sauke ba, 'ya'yan da suka fito daga rami kuma hasken sararin teku suke bi, idan suka ga wanda ya fi shi sai su nufi kurmi, inda ƙaguwa da tsuntsaye suke jiran su. Mai kallo yakan zauna ne a bayan uwar, nesa kaɗan, cikin duhu da shiru, har sai ɗan jagora ya ba da alamar cewa ta fara zuba ƙwai.