Wasan kurket: manyan dokoki da ƙanana

Daga Keita zuwa Tamaske da Ibohamane, in aka ce wasa, kokawa ake nufi, ko langa, ko ƙwallon ƙafa. Kurket kuwa baƙo ne gare mu. Wasan Ingila ne, ya bi ƙasashen da Ingilishi suka mulka, kamar Indiya, Pakistan, Ostireliya da Najeriya. Amma bai yi mana nisan da ake zato ba. Ɗaliban kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, sun buga shi. A watan Janairun 2025, ƴan matan Najeriya ƴan ƙasa da shekara 19 sun ka da Niyu Zilan da maki 2 a gasar duniya. A 2028 kuma zai koma cikin wasannin Olimpik, inda rabonsa da su tun 1900. Ya dace ke nan mu san kan dokokinsa.

Tsohuwar doka da ake da ita a rubuce ta 1744 ce. Tun 1788 wata ƙungiya ta birnin Landan mai suna MCC ke tsaron dokokin, yau kuwa guda 42 ne.

Ga yadda wasan yake. Ƙungiya biyu ne, kowace da mutum 11, da alƙalai biyu cikin fili. A tsakiyar filin akwai wani ziri mai tsawon metir 20 da ƴan kai. A kowane ƙarshensa an kafa turaku uku, an aza ƴan guntayen itace biyu bisa kansu. Ƙungiya guda tana tura mutum biyu riƙe da sanda mai faɗi su tsare turakun. Ɗaya ƙungiyar ta ba mutum guda jifa, sauran su bazu cikin fili suna tarbe. Mai jifa na neman turke, mai sanda na kore ƙwallo. In ya doke ta, shi da abokinsa suka yi gudu suka sauya wuri, maki 1 ke nan. In ta gangara har iyakar fili, maki 4. In ta ƙetare ta sama ba ta taɓa ƙasa ba, maki 6. Bayan jifa 6 sai a sake mai jifa.

Mai sanda na fita in ƙwallo ta ka da itacen turakunsa, ko aka cafe ta tun ba ta taɓa ƙasa ba, ko aka buge turakun yana tsakar gudu, ko ya tare da ƙafarsa ƙwallon da ta nufi turke. In mutum 10 suka fita, sai ƙungiyoyin su sauya aiki. Wadda ta fi maki ita ta ci.

Waɗannan su ne manya. Ƙananan kuwa su ke ba mutane mamaki.

Ta farko: alƙali ba ya fitar da ɗan wasa, ko da ya ga laifin da idonsa, sai abokan gaba sun kai ƙara da bakinsu. In suka yi shiru, wasa ya ci gaba.

Ta biyu: ko ƙwallo ta bugi turke har kowa ya ji, muddin guntayen itacen ba su faɗo ba, turken kuma bai tuge ba, mai sanda na nan daram.

Ta uku: in masu tarbe suka aje hular kwano a ƙasa, ƙwallo ta taɓa ta, an ba abokan gabansu maki 5 kyauta.

Ta huɗu: sabon mai sanda na da minti 3 ya shirya, a wasu gasanni minti 2. Ran 6 ga Nuwamba 2023, a gasar duniya a birnin Delhi, igiyar hular Angelo Mathews na Siri Lanka ta tsinke yana shirin farawa. Kafin a kawo wata lokaci ya cika, Bangaladash ta kai ƙara, ya fita bai doki ƙwallo ko sau ɗaya ba. Shi ne na farko da wannan doka ta ci a wasan ƙasa da ƙasa.

Babban misali kuwa shi ne wasan ƙarshe na gasar duniya, ran 14 ga Yuli 2019 a Landan. Ingila da Niyu Zilan suka tashi 241 da 241. Aka ƙara wa kowa jifa 6, suka sake yin kunnen doki, 15 da 15. Sai aka ɗauko wata ƴar doka da ƴan kallo da yawa ba su taɓa ji ba: wanda ya fi kai ƙwallo iyakar fili shi ya ci. Ingila na da 26, Niyu Zilan 17. Mutane suka ce shari'a saɓanin hankali, kuma kafin shekarar ta ƙare aka soke dokar. Amma ba wanda ya ƙwace kofi daga hannun Ingila, domin an rubuta dokar tun ba a shiga fili ba.

Ƴan uwa masu karatu, nan ne abin lura. Kokawarmu ta sami daraja tun da aka fara gasar ƙasa a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maradi ya ci, saboda jihohi sun yarda da ƙa'ida guda da alƙalai. Amma a wasannin ƙauye da ƙauye, sau da yawa sai gardama ta tashi ake tambayar mene ne doka, har zumunci ya ɓaci. Shugabannin matasa da ma'aikatan wasanni na Keita, Buza da Madawa na iya zama da dattawa, su rubuta ƙa'idodin langa da Hausa, manya da ƙanana, a karanta wa kowa kafin a busa usur. Ba a fafe gora ranar tafiya.